Ta Hannun Wa Yake Ciyar da Tsuntsaye?

Karatu: Farawa 2:8-15, Matiyu 6:25-27

Akwai waɗansu ƙananan tsuntsaye iri biyu, 'yan dangi ɗaya, nauyin kowannensu kamar gram 12 ne. Suna ƙyanƙyashe 'ya'yansu a Turai, in sanyi ya gabato su ƙetare Sahara zuwa Afirka ta Yamma.

Na farkon, wanda masana ke kira Acrocephalus scirpaceus, yana isowa har Ghana. Duk inda iwa ta tsiro a bakin ruwa, ya sami masauki. Yana da yawa ƙwarai, ba a jin tsoron ƙarewarsa.

Ɗan'uwansa, Acrocephalus paludicola, ba haka yake ba. Ba ya sheƙa sai a fadama mai gajeriyar ciyawa da ruwa kaɗan. A ƙarni na 20 mutane suka janye ruwan irin waɗannan fadamu domin noma, tsuntsun ya rasa gida. Yau yawancin waɗanda suka rage suna Belarus, Yukren da Poland, hukumar IUCN kuwa ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ɓacewa. Sai a 2007 aka gano babban masaukinsa na Afirka, a Djoudj, ƙasar Senegal.

Yesu ya koya mana cewa Ubanmu na sama ne yake ciyar da tsuntsaye. Gaskiya ne. Amma ta yaya yake ciyar da su? Ta wurin ruwa, ciyawa da ƙwari, a gonar da ya danƙa wa Adamu ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe noman, kiyayewar ce muke mantawa.

Kada ka ce Turai nesa take. Dubi rafin Aboabo, kusa da mu a Zango, yadda leda da shara suka shaƙe shi. Dubi Owabi, inda aka yi madatsar ruwa domin Kumasi tun 1928, aka kuma sa wurin cikin fadamu masu muhimmanci na duniya a 1988, ga gine-gine suna cin gefen dajinsa. Sharar gidanka, ina take ƙarewa idan ruwan sama ya sauko? Tambayi kanka kafin ka aiki yaro da ita yau.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana rafukan da muka ƙazantar. Ka ba mu ƙarfin hali mu haɗa hannu da maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, mu share magudanar unguwarmu. A cikin sunan Yesu, Amin.