Hakkin Ma'aikacin Masaƙa a Kan Wa Yake?

Kowa ya shiga kasuwar Gusau, ko ta Tsafe, ko ta Bungudu, zai ga atamfa da shadda da yadi iri iri, kuɗinsu kuwa da rangwame. In ya bincika sai ya tarar yawancinsu daga ƙasashen waje aka kawo su, musamman ƙasar Sin. Mai saye ya ji daɗin araha. Amma fa akwai wanda arahar nan ta raba shi da hanyar abincinsa, watau ma'aikacin masaƙa. To, ko wajibi ne Gwamnati ta taimake shi? Ko kuwa abin da ya same shi halin ciniki ne kurum, yau riba gobe faɗuwa?

Bari mu fara duba yadda abin ya faru. Ƙasar Zamfara ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, sai cinikin auduga ya ƙara haɓaka. Cikin 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe babbar masaƙa ta KTL a Kaduna, sa'an nan cikin shekarun 1960 aka kafa wata a Gusau. Manomin Tsafe da na Bungudu su noma, injin gurza ya fid da gurya, masaƙa ta saƙa, kowa ya sami rabonsa. Daga baya al'amari ya juya. Cikin 1986 aka rushe hukumar cinikin auduga. Cikin 1997 aka ɗage hanin shigo da tufafin waje. Ga 'yan fasa-ƙwauri, ga ƙarancin wutar lantarki. KTL ta rufe cikin 2002 babu sallama mai kyau, UNTL ta Kaduna ta tsaya cikin 2007, ta Gusau ma ba ta tsira ba. Dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana.

Wani zai ce, "Ai masaƙar nan ita ma ta kashe wa masaƙan gargajiya da mata masu kaɗi kasuwa, ba wanda ya biya su. Don me za a ɗebi kuɗin jama'a a ba wannan shi kaɗai?" Maganar nan tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za mu ce mai sayen tufa mai araha ya yi laifi ba, gama talaka ma yana son suturta iyalinsa. Amma rashin adalcin jiya ba ya zama hujjar na yau.

Ka lura, ya mai karatu, ma'aikacin nan ba lalaci ya yi ba. Ba shi ya buɗe iyaka ba, ba shi ya hana wuta zuwa ba. Hukuma ce ta yanke shawara, jama'a duka suka ci moriyar araha, hasara kuwa ta tattaru a kan mutane kaɗan. Hausawa sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Saboda haka taimakon da za a yi masa ba sadaka ba ne, bashi ne a wuyan al'umma, Gwamnati kuwa ita ce wakiliyar al'umma wajen biya. Ko a Amurka an gane haka: cikin 1962 suka yi doka ta ba irin waɗannan ma'aikata kuɗin zaman jira da koyon sabuwar sana'a, aka yi ta aiki da ita shekara 60.

A nan ƙasar kuwa, wajen 2010 Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan 100 a hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa. Niyyar tana da kyau. Sai dai rance ne ga masu masana'anta, ba hakkin ma'aikaci ba ne. Ma'aikatan KTL sun shekara da shekaru suna neman kuɗin sallamarsu, da yawa har suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. An tuna da inji, an manta da mai juya shi.

Abin da ya kamata a nan uku ne. Da fari a tabbata an biya kowa kuɗin sallamarsa kafin a sayar da ko ƙusa ta masaƙa. Na biyu, mai sauran ƙarfi a koya masa wata sana'a, a ba shi jari ko gona da iri. Na uku, tsoho a yanka masa abin da zai riƙe kansa da mutunci. Shi ma ma'aikaci da nasa nauyin: ya adana takardunsa na aiki, ya karanta abin da zai sa wa hannu, ya nemi hakkinsa tare da 'yan'uwansa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke wannan nauyi, amin.