Numfashi: Ina Namu, Ina na Allah?

Duk wanda ya taɓa kallon yara suna gasar nutso a gulbin Rima, kusa da madatsar ruwa ta Goronyo, ya ga mas'alar ƙaddara da idonsa. Yaro zai toshe hanci ya nutse, da niyyar sai abokai sun sallama masa. Kafin ka ankara ya taso yana haki. Ba don ransa ya so ba: gurɓatacciyar iska ce ta taru a jininsa, wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa ya tilasta wa tantanin da ke ƙarƙashin huhu ya motsa. Wannan sashen ne ke ja mana numfashi muna barci, sau 12 zuwa 20 a minti guda ga baligi, ba tare da an tambaye mu ba.

Amma dai yaron ya riƙe na ɗan lokaci. Ashe an bar mana rabo, kuma a kan wannan rabon za a tambaye mu.

Gwaggona a Rabah ta tsufa a bakin murhu tana turara shinkafa, a ɗaki marar taga, idanu jawur. Da tari ya kama ta a wani hunturu, na ce mu je asibiti, sai ta ce, "Bari ɗana, numfashi ƙidayayye ne, in ya ƙare ya ƙare." Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Allah ne ya ƙidaya shi, mu kuma muka hana ɗakin taga. A hanyoyin iska akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, masu sharo ƙura su fitar da ita cikin kaki. Hayaƙin itace da na taba yana kashe musu ƙarfi, daga nan limoniya ta sami ƙofa.

Tarin fuka kuwa ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce da ake shaƙa daga tarin mai ita, an gano ta tun 1882. Maganinta wata shida ne, kyauta a asibitin gwamnati. Mai dainawa da ya ji sauƙi yana iya sa ta daina jin magani, sannan ya raba wa iyalinsa. Ni ban ga tawakkali a nan ba.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ke kwance a Wurno tun 1837, ya fi mu sanin ƙaddara, kuma ya rubuta littattafai kan magunguna.

Don Allah, tarin da ya kai mako biyu, a kai kaki a gwada.