"Ai Ba Garinmu Ba Ne"

Ƴan'uwana ɗalibai, wannan rubutu ya samo asali ne daga wata gardama da muka yi a fadarmu. Gara in faɗa muku tun da farko: ni na fi kowa ɗaga murya a daren nan, ni ne kuma na koma gida da kunya.

Kun san yadda zaman fada yake a Agadas. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, a hura gawayi, a ɗora butar shayi, sai hira ta ɓalle. Mu tamu hirar rabinta ta fim ce. Yau a yi musu kan Labarina, gobe kan Izzar So, jibi kan wani fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. Wannan ya ce jarumin ya iya, wancan ya ce ƙarya ta yi yawa, a yi dariya a watse. Ba wanda yake kwana da abin a ransa, don ba labarin gidansu aka taɓa ba.

Ran nan sai wani abokinmu ya zo da wani fim a memori, sunansa Io Capitano. Wani Ba'italiye ne mai suna Matteo Garrone ya shirya shi, ya fito a 2023, har ya samu kyauta a bikin finafinai na birnin Venis. Labarin samari biyu ne ƴan Dakar, Seydou da Moussa, da suka tara kuɗi a ɓoye suka kama hanyar Turai. Suka ratsa Mali, suka shigo Nijar, suka sauka Agadas, daga nan aka loda su a bayan Hilux aka nausa sahara da su zuwa Libiya. Mun kalle shi a kwamfuta, mu wajen goma, kai da kai.

Da aka zo wurin da aka ce Agadas ne, sai jikina ya yi sanyi, daga baya kuma raina ya ɓaci. Ban gane titi ko ɗaya ba. A Senegal da Maroko da Italiya aka ɗauki fim ɗin, don haka garin da suka kira da sunan namu wani gari ne daban. Mutanen da aka nuna a matsayinmu kuwa, daga mai karɓar kuɗi sai mai daka tsawa. Can cikin sahara wani ya faɗo daga mota, mutane na ihu, direba ko waiwaye bai yi ba.

Ana gamawa na miƙe tsaye. Na ce wannan cin mutunci ne. Na ce garin da ke da masallaci mai hasumiyar laka ta mita 27, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, garin Sarkin Abzin da bikin Bianu da maƙeran azurfa, shi ne za a mayar tashar mugaye? Na ce ai ba garinmu ba ne. Kowa ya ce haka ne. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

A fadarmu akwai wani da ya girme mu, yaya muke ce masa. Shi ke dafa shayi, ba ya cika magana ba. Mun san ya taɓa yin yaron mota a hanyar Dirku, amma ba mu taɓa tambayarsa komai ba. Sai da ya zuba na biyu ya miƙo mini kofi, sannan ya ce:

"Ƙanena, hasumiya kake biɗa cikin fim ɗin? Waɗanda muka ɗauka ma ba su gan ta ba. Daga tasha sai gidan da aka aje su, daga nan sai ran Litinin."

Na ce, "Amma yaya, ai direbobinmu ba haka suke ba."

Ya ce, "Wasu ba haka suke ba. Maigidana mutumin kirki ne, salla ba ta wuce shi. Wani dare barci ya kwashe wani yaro, ya saki iccen da yake riƙe da shi, ya faɗi. Ba mu sani ba sai da muka tsaya. Maigida ya auna mai, ya auna ruwa, ya ƙirga mutanen da suka rage, ya ce ba mu komawa. Har yau ban san sunan yaron ba."

Ba wanda ya ƙara cewa uffan. Shayin ya huce a hannuna.

Tun daga daren nan tambaya guda take cina: in aka nuna aibin garinku a fim, mene ne wajibinka kai ɗan garin? Ka kare garin, ko ka amsa abin da yake gaskiya? Kuma da na ce "ba garinmu ba ne", gaskiya nake karewa ko fuskata?

Bari in fara da inda nake da hujja, don ba duka maganata ce banza ba. Fim ɗin bai yi wa direbobi adalci ba. Ya nuna su ba suna, ba iyali, ba dalili. Bai nuna cewa jigilar mutane da kaya a sahara sana'a ce da ta girmi motoci ba, tun zamanin ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗauko gishiri. Bai nuna cewa shekaru da dama a fili ake wannan tafiya ba, motoci na fita ran Litinin tare da rakiyar soja. Bai nuna abin da ya biyo bayan doka mai lamba 2015-36 ba, lokacin da aka kama direbobi aka ƙwace motoci, gidaje da yawa suka rasa abin sa wa a tukunya, masu tafiya kuma suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi nesa da rijiyoyi, har aka soke dokar a Nuwamban 2023. Wanda ya kalli fim ɗin a Roma ko Paris ba zai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kuma gaskiya ne baƙi masu kyamara sun fi zuwa mana in akwai wahala. Duk wannan ina nan a kansa.

To amma ku lura da abin da na yi da wannan hujja. Na ɗauki kuskuren titi da gini na rufe mutuwar mutum da shi. Tunda sun yi kuskure a kamannin gari, sai na yanke cewa sun yi ƙarya a komai. Alhali na sani, kowa a tabarmar nan ya sani, cewa sahararmu ta ci mutane. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma ba daga Dakar suka fito ba, ƴan ƙasarmu ne, da yawa daga yankin Kance. A shekarar da UNESCO ta karrama garinmu abin ya faru. Ni kuwa da na miƙe ina lissafa abin alfaharin 2013, ɗaya na tuna na bar ɗaya.

Abin da ya ƙara tona mini asiri shi ne wani fim ɗin daban. Da yawanku kun ga Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Christopher Kirkley ya shirya da Mdou Moctar, ya fito a 2015. A nan Agadas aka ɗauke shi, da harshen Tamashek. Saurayi ne da gitarsa da babur ɗinsa, yana fama da mahaifin da ba ya son kiɗa da kuma abokan hamayya. Mun so fim ɗin nan. Mun ga lungunanmu, mun ga rawunanmu, mun ji kiɗan da ake yi a bukukuwanmu. Amma shi ma ai ɓangare guda ya ɗauka ya bar saura. A shekarun da aka yi shi, gidajen ajiye baƙi cike suke a unguwanninmu, kuma ba labarinsu ya bayar ba. Ban taɓa jin wani a fada ya miƙe ya ce "wannan ba garinmu ba ne" ba. Shi ma Ba'amurke ne ya shirya shi, ba mu ce baƙo ya yi mana shisshigi ba.

Ashe ma'aunina ba cikar labari ba ne. Fim ɗin da ya rage abu ya fito da ni da kyau, na kira shi gaskiya. Wanda ya rage abu ya fito da ni da muni, na kira shi ƙarya. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma son gari ma so ne.

Wani zai ce, to laifi ne mutum ya yi kishin garinsu? Ko kusa. Wanda ba ya jin zafi in an taɓa mahaifarsa, akwai abin da ya mutu a jikinsa. Sai dai kishi iri biyu ne. Akwai na mai gidan da ɗakinsa ke yoyo, baƙo ya nuna masa, ya ce ƙarya kake, ya ci gaba da kwana cikin ruwa. Akwai na wanda zai ce, na sani, na ma fi ka sanin inda yake yoyon, ga kuma abin da kai ba ka gani ba. Na biyun nan bai zubar da mutuncin gidansa ba. Shi ne ma baƙon zai saurara, don ya ga ba ɓoye-ɓoye yake yi ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa shaidar gaskiya wajibi ce ko da a kan kanka ko danginka za ta faɗa. Ban taɓa zaton wannan karatu zai biyo ni har wurin hirar fim ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damuna. Yaya ya shekara nawa yana dafa mana shayi da wannan labari a cikinsa? Me ya hana shi faɗa? Ina jin mu ne. Mun gina fadar da in ka ce garinmu ya fi ko'ina za a tafa maka, in ka ce ga abin da idona ya gani za a ce kana ɓata mana suna. A irin wannan wuri wanda ya sani shiru yake yi, wanda bai sani ba ya yi ta zuba, kamar yadda na yi. Sai ga shi fim ɗin wani baƙo, da duk kurakuransa, ya buɗe bakin da mu ƴan gida muka rufe. Kuma abin da yaya ya faɗa ya fi na fim ɗin nauyi. A fim mugu ne ya ƙi tsayawa, ka tsine masa ka huta. A bakin yaya mai salla ne ya ƙirga ruwa ya ƙirga rayuka ya zaɓa. Ni dai har yanzu ban iya cewa ya yi daidai ko bai yi ba, kuma ban san abin da zan yi ba da ni ne riƙe da sitiyarin.

Ga abin da na ɗaukar wa kaina. In na kalli fim ya ɓata mini rai, kafin in ce ƙarya ne zan tambayi kaina wane wuri ne ƙaryar take, in nuna shi da yatsa. Abin da ya rage bayan nan, in ya tabbata, zan amsa shi ko da ɗaci. In kuma akwai wanda ya taka wurin da ƙafarsa a zaune tare da mu, shi zai fara magana kafin ni.

Mu kuma da muke kiran kanmu marubuta, ƙorafi kaɗai ba zai fisshe mu ba. Muddin ba mu rubuta direban nan da sunan da muka ba shi da ƴaƴansa da lissafin da ya yi a daren nan ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta shi ba fuska, mu kuma mu sake miƙewa a fada muna huci. Na roƙi yaya ya ba ni labarin tafiyoyinsa in rubuta. Ya yi shiru, ya juye shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce in bari sai bayan jarrabawa. Na ce to, Allah ya kai mu.