Bayan Ka Tashi Daga Tabarmar Jinya

Ɗana, ga Ista ta sake kewayowa. Za ka ji shaidu iri-iri a majami'a: wannan ciwon ciki ya sake shi, waccan ta samu haihuwa bayan dogon jira. Ka yi murna tare da su, domin Almasihun da ya bar kabari wayam bai daina warkarwa ba. Sai dai ina so ka zauna, akwai abin da ba a cika faɗa a wurin shaida ba.

Duba Luka sura 17. Kutare goma aka tsarkake, mutum ɗaya ne ya juyo ya yi godiya, shi ma Basamariye, bare. Tara sun karɓi lafiyar fata, suka kama gabansu. Na daɗe a cikin taran nan.

Wata shekara ciwo ya kwantar da ni har 'yan'uwa suka fara kallon juna. Aka tsallaka da ni iyaka daga Illela zuwa Ƙonni, muka bi hanyar Maraɗi sai asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950. A kan gadon nan, ana ƙara mini ruwa, babu alkawarin da ban yi wa Ubangiji ba. Likita ya yi nasa, masu addu'a suka yi nasu, Allah ya tashe ni. Kada wani ya ruɗe ka cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Wanda ya rubuta labarin kutaren ma, Luka, likita ne.

Ko wata biyu ban yi ba na koma rumfata, na ɗauko mudun nan nawa mai lotsattsen gindi, na ci gaba da awon gero kamar ban taɓa kwanciya ba. Ka san kasuwarmu ranar Lahadi take ci. Da safe in rera waƙa a sujada, da azahar in tauye wa matar da ta sha rana daga ƙauye. Jikina garau, zuciyata kuwa tana kwance.

Wa'azin wata Ista ne ya kama ni, a kan Zakka mai karɓar haraji, wanda tubarsa ta kai har aljihu: ya ɗauki alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Daren nan ban runtsa ba.

To, ɗana, in Allah ya ɗaga ka daga tabarma, kada ka yi gaggawar miƙewa a gaban jama'a. Fara zuwa wurin wanda kake gaba da shi. Biya bashin da ka ɗauka an manta. Ni da na fasa mudun, sai da na yi Lahadi uku ina cigiyar matan nan. Biyu kawai na gane. Ɗayarsu ta daɗe tana kallon geron da na zuba mata a kwano, sannan ta tambaye ni ko lafiya.