Hancin Motar Kawu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Agadas, ko ya ga motocin ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka da damina, ya san baƙin bututun nan da ke fitowa daga gefen mota, ya bi jikin gilashin gaba, ya miƙe har saitin rufi. Yara kan ɗauka salansa ce aka juyo da ita sama. Ba hayaƙi yake fitarwa ba, iska yake shaƙa. Makanikai na ce masa sinokil. Ni kuwa hancin giwa yake tuna mini, domin ita ma idan ta shiga ruwa mai zurfi haka take ɗaga hancinta sama ta ci gaba da tafiya.

Kawuna yana da wata tsohuwar Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da ita yake fataucin bandar kifi da shinkafa daga ƙauyukan fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Daga watan Agusta zuwa Satumba, idan kogin Haɗeja ya cika ya batse, ga kachala ta toshe magudanan ruwa, hanyar da aka bi jiya a busasshiyar ƙasa yau sai ka tarar da ita ta koma tafki. A irin wannan lokacin ne motar wani abokin sana'arsa ta sha ruwa. Ruwan bai ma kai bakin taga ba. Igiyar ruwan da gaban motar ya turo ce ta dawo ta rufe bakin da injin ke shaƙar iska, wanda a motoci da yawa yake ɓoye a saman tayar gaba. Injin ya yi wata ƙara sau ɗaya, ya yi tsit. Sai da aka janyo ta da tarakta, ta yi wata biyu a gareji, kakar kifin shekarar kuma ta wuce mutumin.

Dalilin ɓarnar ba wuyar ganewa gare shi ba. Injin motar Kawu, wanda Toyota ke kira 1HZ, mai silinda shida ne, lita 4.2, kuma idan yana juyi 2,000 a minti ɗaya yana zuƙar iskar da ta kai kusan lita 4,000 a wannan mintin. Kowane fistin yana matse iskar da ta shigo masa ninki sama da 20, har ta yi zafin da man gas zai kama da kansa. Iska tana yarda a matse ta. Ruwa ba ya yarda. Idan ruwan da bai cika kofin shayi ba ya faɗa cikin silinda, fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da abin da ba ya gusawa, sai sandar ƙarfen da ke tura shi ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokacin har ta ɓula jikin injin.

Shi ya sa da rani, kafin hadari ya fara haɗuwa, Kawu ya sayo bututun ya ce in raka shi gareji. Na ɗauka aikin minti talatin ne. Sai da muka yi azahar da la'asar a wurin.

Maigidan garejin dattijo ne marar yawan magana. Ya fara da manna wata takarda mai zane a jikin motar, ya auna daga bakin ƙofa, ya sake aunawa, ya ɗora bututun ya duba, ya cire, sannan ya yi ɗigo da alƙalami. Da ya ɗauko na'urar huda ƙarfe sai na ga Kawu ya kau da kai. Mutum ya yi shekaru yana kare motarsa daga ƙwarzanen ƙaya, yau ga shi ya biya kuɗi a yanke mata rami mai faɗin tafin hannu. Dattijon ya ce, "Alhaji, ƙarfe ba tufa ba ne, in na yanka babu ɗinki. Ka bar ni in auna sau uku." Bayan ya huda, ya goge bakin ramin da zarto har ya daina kaifi, ya shafa fenti, ya ce a jira ya bushe, don ta nan tsatsa ke fara cin mota.

Ɗaura bututun kansa bai ɗauki lokaci ba. Noti kaɗan ne a jikin mota, da wani ɗan ƙarfe da ke riƙe shi a ginshiƙin gilashi. Nan take motar ta canza kama, har yaran garejin suka fara cewa ta zama ta sojoji. A zatona an gama.

Ashe yanzu aka fara. Dattijon ya buɗe bonet, ya kwance akwatin matatar iska gaba ɗaya, ya wanke shi, ya ɗaga shi saitin rana yana juyawa. A ƙasansa akwai 'yan ramuka da kamfani ya bari don ruwan da ya shiga ya tsiyaye, da wata 'yar roba da ta tsufa ta tsattsage. Ya ce ramin da ke fitar da ruwa a kan kwalta shi ne zai shigar da shi a cikin tafki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe da gam. Ya bi kowace mahaɗa tsakanin bututu da tiyo, tsakanin tiyo da akwati, ya shafa gam, ya ɗaure da zoben ƙarfe. Duk wannan aikin a wurin da ido ba ya kaiwa yake, rabinsa ma a kwance ya yi shi, ƙasa na zubo masa a fuska.

Sai gwaji. Ya ce Kawu ya tayar da mota ya bar ta a silo. Ya hau kan taya, ya ɗauki wani ɗan faifan roba ya rufe bakin bututun na ɗan lokaci. In har babu wata kafa, injin zai rasa numfashi ya mutu. Bai mutu ba. Ya dai rage ƙarfi, ya ci gaba da bugawa, muka ji wani siririn fito daga ƙarƙashin bonet. Dattijon ya sauko, ya kasa kunne, ya bi da yatsa har ya gano wurin: bakin tiyo ne ya naɗe a ƙarƙashin zobe, ya bar kafar da ko ƙwayar gero da ƙyar za ta wuce. Ya kwance, ya gyara zaman tiyon, ya ɗaure. Da ya sake rufe bakin bututun, injin ya yi shaƙuwa biyu ya mutu. A nan ne kawai na ga ya yi murmushi.

Wannan 'yar kafar ta daɗe a raina. Da mun tafi da ita, da Kawu ya fi shiga haɗari fiye da kafin ya sa bututun, domin a da yana tsoron ruwa yana kewayewa, yanzu kuwa zai dubi hancin nan a sama ya faɗa da gaba gaɗi, alhali injin yana shaƙa ta ƙasa. Kariyar da ba ta cika ba takan cire wa mutum tsoro ta bar masa haɗarin. Na sha ganin haka a wuraren da ba ruwansu da mota. Mai gida ya gina doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe, ya daina kwana da kunne ɗaya a buɗe, ga shi katangar bayan gida ta zaizaye tun bara. Ɗan kasuwa ya faɗaɗa shago ya sa allo mai fitila, littafin bashi kuwa babu mai duba shi. Uba ya biya kuɗin makaranta mai tsada, hankalinsa ya kwanta, bai taɓa buɗe jakar yaron ya ga abin da ke cikin littafinsa ba. Mun fi son kashe kuɗi a kan abin da maƙwabta za su gani, aikin kwanciya a ƙarƙashin mota kuwa ba mai yaba maka, shi ya sa ake tsallake shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren ba ya duban tsawon bangon.

Da Kawu zai biya kuɗi, dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, "Alhaji, hanci kawai na ɗaga mata, ban mai da ita kwalekwale ba." Ya nuna masa 'yan bututun numfashi na bakaksul da giyabos. Ƙarfen da ya yi zafi idan ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta janyo ruwa, mai ya koma fari kamar kindirmo, haƙoran giya su cinye juna a hankali. Ya nuna masa fanka, wadda ruwa kan lanƙwasa ta daki lagireto, da wayoyin lantarki da batir. Sannan ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗaga babbar mota ya tafi da ita, komai tsawon hancinta.

Amfanin bututun na yau da kullum ma ba a ruwa yake ba. A Ostireliya, inda kamfanoni irin su Safari suka shahara da ƙera shi, da kuma hanyar Agadas zuwa Dirku, ƙura ce babbar abokiyar gaba. Ta fi kauri a wajen taya, daidai inda bakin iska na asali yake, kuma rairayin da ya tsallake matata yana cin silinda kamar zarto. Wasu direbobin Sahara kan sa wa bututun kai mai kama da kwano, wanda ke juya iska ya watsar da ƙasa kafin ta shiga. Kawu ma ya lura da hunturu ya rage yawan kakkaɓe matata.

Da damina ta kankama na bi shi wata tafiya. Bayan mun wuce wani ƙauye sai hanya ta nutse, ruwa ya shimfiɗa kamar tsawon filin ƙwallo, jan ruwa wanda ba a ganin ƙasansa. Yaron motar ya ce, "Baba, mu wuce kawai, ai yanzu muna da hanci." Kawu ya kashe mota ya ce a bar ta ta huce. Ya cire takalmi, ya naɗe wando har cinya, ya zaro sandar gora daga bayan kujera. Ya shiga ruwan yana dogarawa, yana taɓa inda tayar dama za ta bi, ya kai ƙarshe, ya dawo ta inda tayar hagu za ta bi. A wani wuri sandar ta nutse fiye da sauran, ya karyo reshe ya kafa a nan. Da ya fito ya jingina sandar a jikin motar, ya dubi inda laima ta tsaya, ɗan sama da taya. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya sa giyar ƙarfi, muka shiga a hankali ruwa na turuwa a gabanmu, muka bar reshen a hannun hagu.