Tsoro Iri Biyu Ne

Ya ɗan'uwana mai karatu, watakila shekara uku ke nan kana cewa bayan kaka za ka kafa tebur a bakin hanya. Kaka ta zo, ka sayar da gyaɗa, kuɗi ya shigo hannu. Sai wata murya a zuciya ta ce, "Kai wa? Gidanku ba a gaji kasuwanci ba. In ka faɗi, me za a ce a gari?" Sai ka ƙulle kuɗin a tsumma. Kafin bazara, biki da suna sun cinye shi.

Waɗansu suna kiran wannan tawali'u. Ni dai ban yarda ba. Mai tawali'u yakan ce, "Ban iya ba, bari in koya." Wanda ya ce, "Ban iya ba," ya koma ya zauna, sau da yawa dariyar mutane yake gudu. Wannan kuwa girman kai ne ya sa rigar tawali'u.

Amma kada ka ce dukan tsoro mugu ne. A cikin Luka 14 Yesu ya yi zancen mai son gina bene, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi tukuna. A cikin Matiyu 25 kuma akwai bawan da aka ba shi kuɗi, ya ji tsoro, ya haƙa rami ya binne. Ka lura, bawan nan bai saci ko dala ba, bai yi hasara ba, duk da haka shi aka tsauta wa. Tsoro na fari yana sa ka lissafi. Na biyu yana sa ka haƙa rami.

Yaya za ka gane wanne ke damunka? Ka tambaye shi, "Me kake tsoro?" In ya ce, "Ƙwari za su cinye waken da zan ajiye," to wannan yana da magani: buhun nan mai ninki uku, in an ɗaure shi sosai iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu. In ya ce, "Albasa tana ruɓewa," je Galmi ka zauna da waɗanda suka daɗe suna ajiye ta, ka ji yadda suke yi. Amma in ya ce, "Kai dai ba ka isa ba," ba shi da wata hujja, lissafi kuma ba zai gamsar da shi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Dubi mata. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Kowane mako kowace tana zuba ɗan abin da ta samu a asusu, mai bukata ta ranta, ta soya ƙosai ko ta yi ƙuli-ƙuli, ta maido. Da yawansu ba su taɓa shiga makaranta ba. Yau ana bin wannan dabara a ƙasashe da yawa na Afirka. (Mu maza da muka yi musu dariya da farko, bari in yi shiru.) Ba su jira zuciya ta yi ƙarfi ba kafin su fara. Da tiya guda ta wake ta koma kuɗi, ta sake komawa wake, a nan ƙarfin ya zo.

Saboda haka ka fara da abin da in ya ɓace iyalinka ba za su kwana da yunwa ba. Kada ka taɓa hatsin rumbu, kada ka sayar da iri. Ka shawarci matarka, gama ta fi ka sanin abin da gida yake ci. Ka sayi ɗan littafi, kowace yamma ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In ba ka iya rubutu ba, ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka. Ka kuma shirya tun yanzu abin da za ka ce wa ƙaninka ran da ya zo neman sabulu bashi, gama zai zo tun a makon farko.