Wasan da Ba Wanda Ya Taɓa Ci

A shekara ta 1972 gidan talabijin na CBS a Amurka ya farfaɗo da shirin nan mai suna The Price Is Right, Bob Barker kuwa shi ne mai gabatarwa. A cikin shirin akan kira mutane daga cikin 'yan kallo su cinki farashin kaya, wanda ya dace ya tafi da kayan gida. Ɗaya daga cikin wasannin farko sunansa Bullseye. Akan nuna wa mutum sabuwar mota, a ba shi dama sau 7 ya faɗi kuɗinta daidai. Duk sa'ad da ya faɗi, sai a ce masa ya hau ko ya sauka. Ba wanda ya taɓa cin motar nan, kafin shekarar ta ƙare kuwa aka janye wasan.

To, an zalunci waɗanda suka yi wasan? Wani zai ce a'a. Ba a yi musu ƙarya ba, ba su biya ko sisin kwabo ba, an kuma bayyana musu ƙa'ida a gaban jama'a. Motar tana nan, da wani ya dace da an ba shi. Wannan duka gaskiya ne.

Amma lissafi yana da abin faɗa. Hanya mafi kyau a irin wannan wasa ita ce mutum ya riƙa raba tazarar biyu. Da cinka 7, mai wayon duniya ba zai iya tabbatar da lamba ɗaya ba sai in lambobin ba su wuce 127 ba. Ko da a ce an taƙaita masa tazarar zuwa dala 500, sai ya bukaci cinka 9. Kuɗin mota kuwa dubbai ne. Ashe mutumin da ke tsaye yana gumi, yana tsammani basirarsa ake gwadawa, sa'a kaɗai ta rage masa. In ya faɗi, sai ya koma gida yana zargin kansa a kan abin da tun farko ya fi ƙarfinsa. Laifin yana nan, ko da ba da gangan aka shirya ba.

Littafin Firistoci sura 19 ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe, a surar nan kuma aka umarta a yi awo da ma'auni na gaskiya. Mai sa abin tuntuɓe ba ya bukatar yin ƙarya, ya isa ya san abin da makahon bai sani ba. Haka yake ga mai ba da bashi da sharaɗin da ya san ba za a iya cikawa ba, ko maigidan da ya ɗora wa bara aikin kwana uku ya ce a gama kafin yamma.

Masu shirin dai sun gyara, ko don tausayi ko don 'yan kallo sun fi son ganin mai nasara. A shekarar nan ta 1972 suka fito da Clock Game, inda har wa yau ake ce wa mutum ya hau ko ya sauka, amma yana iya cinka iyakar yadda bakinsa zai iya cikin daƙiƙa 30. Wannan kam mutane suna ci.